Kunun Gyambo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Maradun a shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, in dai ya taɓa yin ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa, to ya san Nagode. Gajeriyar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin fushi, sai dai fushin ba ya kai ta ko'ina, kafin ta isa bakin zaure ya huce. An haife ta a wata 'yar tunga a bakin gulbi, ba nisa da Tsibiri. Uwarta ta sha binne jarirai kafin ita, don haka da wannan ta zo ta zauna, sai sunan Nagode ya bi ta har na yanka ya ɓace.

A hannun uwar tata ta gaji abin da aka san ta da shi, wato kunun gyambo. Kada ka ji an ce kunu ka ɗauko ludayi, ba na sha ba ne. Ƙwallon tsamiya ake soyawa a cikin yashi mai zafi, a ɓare baƙin ɓawon, a daka farin cikin, a tankaɗe. Sai a dama garin a kan wuta da jiƙon bagaruwa da ɗan ruwan tsamiya. Muddin yana da zafi ruwa ne tsululu, amma da zarar ya huce ya sauko kusa da ɗumin jikin mutum, sai ya kama, ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Nagode takan ɗiga shi a bayan hannunta, in ta ji ya kai yadda jariri zai iya sha, sai ta tsiyaya shi a cikin gyambo. Ya bi kowane lungu na ciwon yana ruwa, sannan ya zauna a ciki. Daga nan ruwan ciwon ne zai riƙa cinsa kaɗan-kaɗan, shi kuma yana sakin bagaruwar kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki, ba sai an kwance tsumma kullum ba.

Doka ɗaya uwar ta kafa mata. Tukunyar kunun daban, ludayinsa daban, kada a kuskura a yi miya a ciki. Ba ta faɗi dalili ba, Nagode kuma ba ta tambaya ba, don a zamanin ba a tambayar uwa dalili.

Ta auri Barau, manomin fadama, dogon mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. A gidan ta tarar da Gwaggo, yayar ubansa, wadda ta ɗauke shi tun yana zanin goyo bayan uwarsa ta rasu. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, Barau shi ne ɗanta, shi ne kuma dukan abin da ta mallaka a duniya. Abu na biyu da take taƙama da shi shi ne miyar kuɓewa. Kullum da ƙullin kanwa a bakin zanenta, kuma in ta ɗaga ludayi, yauƙin ba ya tsinkewa sai ta ga dama. Da shekaru suka ja, idonta ya yi hazo, har wata rana ta zuba gishiri a kunun safe. Daga ranar Nagode ta karɓi murhu. Abin ya ci Gwaggo ƙwarai, ta koma zama a gindin danga tana lalube-lalube, tana neman abin da za a ce ita ta yi.

Ana cikin haka aikin dam ya zo. Aka zo aka auna, aka buga turaku, aka ce ruwa zai taso har inda rumbunansu suke. Tsofaffi suka yi dariya, suka ce gulbin da suka sani bai taɓa wuce gindin tsamiyar gidan su Nagode ba. To, ya wuce. Kafin a tashe su Nagode ta tsince ƙwallon tsamiyar nan kaf, ta cika wata 'yar jaka, don a ganinta albarkar kunun a jikin itacen take. Aka kwashe su zuwa wani tudu mai tsakuwa, ba inuwa ko ta tsayawar akuya. Abin takaici, mutanen da ruwa ya kora daga gidajensu su ne suka koma yin doguwar tafiya neman ruwan sha. A tunga Nagode kan ɗora tukunya ta leƙa gulbi ta dawo kafin ta tafasa. A nan kuwa in ta ɗauki tulu da hantsi, sai rana ta take take dawowa.

A wajen rufin sabon ɗaki ne tsautsayi ya faɗa wa Barau. Kwano ya zame daga sama ya yanke shi a ƙwauri. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, don damina na tafe kuma Gwaggo na kwana a bukka. Ƙura ta shiga, zafin bazara ya yi nasa, kafin a farga ciwon ya buɗe baki ya zama gyambo.

Nagode ba ta damu ba da farko. Wannan ai aikinta ne, ta warkar da na bare balle na mijinta? Ta soya ƙwallo, ta daka, ta dama. Sai dai a ƙarƙashin kwanon nan zafi kamar gidan burodi, kunun ya ƙi hucewa da wuri. Ta ajiye shi a gindin randa, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Da ta dawo ta tarar ya yi baƙi, ya tsinke. Ta zuba a ciwon, ya gangaro ta agara ya bi ƙasa. Washegari ta sake, haka. Ta sake, haka dai. Hankalinta ya tashi, ta zauna ta yi tagumi, ta yanke wa kanta cewa tun da tsamiyar uwarta ta nutse, kunun ma ya nutse tare da ita. Ƙafar kuwa ta kumbura, ta fara wari, Barau ya daina takawa.

Ranar Talata, ranar kasuwa, ita ce kaɗai ranar da mota ke biyowa ta wajensu. Aka ɗora Barau a bayan akori-kura tare da buhunan albasa, Nagode ta rakuɓe kusa da shi, suka nufi Talata Mafara. A wani ɗakin shan magani suka sami Malam Isa, mutumin Bakura, siriri mai farin gilashi, wanda ba ya taɓa ciwo sai ya gama gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sabon wuri da yadda aka ji da tashi, Barau yana amsa lahiya lau yana cije leɓe. Sannan ya kwance tsumman. Ya wanke, ya yi allura, ya barbaɗa wata farar hoda.

"Malam Barau, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Hodar ga tana kashe ciwo, amma ruwan gyambo na wanke ta kahin gobe. Kamata ya yi a sa ta kullum, ku kuwa sai Talata. In ciwon ya kai ga ƙashi, sai Sakkwato, can kuma yanke ƙahwar za a yi."

Barau ya dubi ƙafarsa kamar ta wani. Manomi ba ƙafa, a tudun da ko mai ƙafa biyu da ƙyar yake ci. 

Malam Isa ya waiwayo ga Nagode. "Uwargida, ba ke ce mai kunun gyambo ba? Mutanenku sun sha zo mini da shi a ƙahwa, na ga yadda yake zama. Mi ya hana ki yi wa maigida?"

"Ya mutu, Malam," ta ce. "Tun da munka tashi bai sake kamawa ba."

Bai yi mata dariya ba, bai kuma ce mata camfi ba ne. Ya buɗe wata kwalba ya zazzago ƙwaya ɗaya mai sheƙi a tafin hannunsa. Ya ce wannan riga aka yi mata, tsamin ciki ba ya narkar da rigar, sai ƙwayar ta gangara hanji inda ba tsami sannan ta buɗe ta saki magani. Ya ce ya kuma ji ana ƙoƙarin haɗa wani wanda yake ruwa a kwalba, in ya ji ɗumin jiki ya daskare, amma shi bai taɓa gani da idonsa ba. "Ban san sirrin naki ba," in ji shi, "amma irin waɗanga abubuwa, abu biyu suke ji, zahi da tsami. Ki duba wane ya sauya. In ya kama, ki dama hodar ga a ciki. Ni ina da magani ba ni da mazauni, ke kina da mazauni." Ya ƙulle mata hodar a takarda.

Ta dawo gida da 'yar ƙwarin gwiwa. Ta fara da zafi. Ta jiƙa yashi ta binne gindin tukunyar a ciki, ta tafi rijiya, ta dawo, baƙi ne tsululu. To, saura tsami. Tun da take ba ta taɓa kai kunun nan bakinta ba, wa zai ɗanɗani abin gyambo? Ranar ta lakata da yatsa ta lasa. Tsamin ya tafi, sai wani santsi a harshe, irin wanda duk macen da ta taɓa girki ta sani. Kanwa! Ta ɗora laifin a kan rijiyar tudu, ta ce ruwanta zartsi ne. Washegari ta yi sammako har bakin tafkin dam ta ɗebo ruwan gulbin da ta saba da shi. Ta dama, ta ɗanɗana, tsami daidai. Ta ajiye, ta je itace, ta dawo, ta lasa, kanwa ta sake shiga.

Nan fa ta san ba ruwa ba ne, ba kuma tsamiyar uwarta ba. Kashegari ta dama, ta ajiye a gindin randa, ta ɗauki tulu tana ƙwala sallama ta fita. Tana zagayawa ta dire tulun ta sa ido a wata kafa ta zana.

Ba a jima ba Gwaggo ta taso daga gindin danga. Tana tafe tana lalube da ƙafa har ta taɓa tukunyar. Ta durƙusa da ƙyar, ta sa ludayi ta ɗaga, ta kasa kunne ta ji yadda yake zuba, ta girgiza kai. Sai ta kwance bakin zanenta, ta yi bisimilla, ta murtsuke kanwa a ciki. Tana juyawa tana addu'a ƙasa-ƙasa, Allah shi tashi kafaɗun Barau, Allah shi bar mata shi, in wani abu ne shi ɗauke ta a madadinsa.

Allah sarki. Wace mace ce a ƙasar Hausa za ta ga abu mai yauƙi ya tsinke ba ta tuna kanwa ba? Abin da ke gyara miyar kuɓewa shi ne ke kashe kunun gyambo, kuma shi ne dalilin dokar tukunya da uwar Nagode ta tafi da shi kabari ba ta faɗa ba.

Nagode ta shigo kamar guguwa. Bakinta cike da magana, kuma maganar gaskiya ce: makonnin da aka ɓata, warin da ke ɗakin, wuƙar da ke jira a Sakkwato. Gwaggo ta ji takunta ta ɗago fuska tana murmushi, ko ɗar ba ta ji ba.

"Ɗiyata, kin dawo? Na ji ya yi ruwa ne, na ɗan taimaka miki. Aiki ya yi miki yawa, kin mance yauƙi ba shi kamawa sai da kanwa. Kullum ni ka sa miki, ban dai hwaɗa ba, kar ki ce na raina hannunki."

Nagode ta tsaya ta dubi tsofaffin hannuwan nan, hannuwan da suka yi wa Barau wanka yana jariri. Ta san in ta buɗe baki ta faɗi abin da kanwar ta yi, tsohuwar nan ba za ta kai kaka ba. Wannan karon fushin bai huce ba, haɗiye shi ta yi, kuma ya yi mata ɗaci.

"Allah shi saka, Gwaggo," ta ce.

Ta zagaya bayan rumbu ta toshe baki da gefen zane ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido, a wurin ta tona rami ta zuba jiƙaƙƙen yashi. Daga ranar tukunya ta zama biyu. Ɗaya a gindin randa, ta Gwaggo, ta sa kanwarta ta yi addu'arta. Ɗaya a bayan rumbu, inda Nagode ke tsugune a kanta ba ta matsawa ko nan da can. Da la'asar ta dama hodar Malam Isa a ciki, ta ɗiga a bayan hannu, ta ga ɗigon ya tsaya bai gangara ba. Ta kai ɗaki ta tsiyaya. Kunun ya bi lungunan ciwon, ya yi rawa kaɗan, ya zauna.

Gwaggo na zaune a bakin ƙofa tana jira. "Ya kama?"

"Ya kama, Gwaggo."

"To, ba na hwaɗa ba."

Barau ya dubi kunun, ja-ja ne ba baƙi ba, ya dubi matarsa. Ta zare masa ido. Mutumin kirki, ya mayar da kansa kan matashi bai ce komai ba, kuma har ya bar duniya bai ce ba.

Talata ta zagayo suka koma Mafara. Malam Isa ya gama gaisuwarsa tsaf, Nagode kamar ta fizge tsumman da kanta. Da ya kwance, ga sauran kunun nan shafal a kan ciwon, warin ya ragu, gefen naman ya fara ja. Ya daɗe yana dubawa. "Ban ce an tsira ba," in ji shi, "amma yau ba maganar Sakkwato." Haka aka yi ta yi, allura daga gare shi, mazauni daga gare ta. Ƙwallon tsamiyar uwarta ya ƙare a tsakiyar damina, ta sayi na kasuwa gabanta na faɗuwa, sai ga shi ya kama daidai da wancan. Kafin a yanke gero gyambon ya rufe. Ya bar tabo kamar tafin hannu da ɗan ɗingishi, amma ƙafa tana jikin mai ita.

Sai kuma Gwaggo ta buɗe baki. Duk wadda ta shigo barka sai ta ji labari: yarinyar tana da ƙoƙari, amma ba don kanwar tsohuwa ba da yanzu wani zance ake. Nagode na gefe tana tankaɗe, tana cizon haƙori, tana cewa haka ne. Wahalar ba a nan ta tsaya ba, don matan da ke zuwa koyon kunun sai sun biya ta wajen Gwaggo ta ba su sirri. Dole Nagode ta riƙa raka kowacce har zaure, ta kama mata hannu ta raɗa mata cewa ban da kanwa, kuma kada ta tambaya.

Shekaru suka wuce. Aka saki ruwa a hanyoyin ban-ruwa, Barau ya sami 'yar gona yana shinkafa da rani. Masu aiki cikin ruwa ba sa rabuwa da ciwon ƙafa, don haka tukunyar Nagode ba ta huta ba. Daga Birnin Tudu ma ana zuwa, wasu kuma Malam Isa ne ke turo su da ƙullin hoda a hannu. Duk wanda za a yi wa, tukunya biyu ake ɗorawa. 'Ya'yanta sun tashi sun tarar da haka, sun ɗauka ka'idar sana'ar ce.

Wata kaka Gwaggo ta kwanta, kwanciyar da kowa ya san ba ta tashi ba ce. Da hantsi, maza sun tafi gona, ta kira Nagode ta ce ta matso. Ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Ɗiyata, idona ne ya mutu, hancina bai mutu ba. Wanda kinka zuba wa Barau ba shi da kanwa."

Nagode ta sunkuyar da kai, Gwaggo ta ci gaba.

"Tun ranar na sani. Na ji ki bayan rumbu." Ta numfasa. "Kin ba ni tukunya, na riƙe. In na bari, kin san na gane, ke kuma ba ki son in gane. Surutun da na riƙa yi, don kar ki gane ne." Ta ƙara matse hannun. "Hwaɗa mini gaskiya. Da an yanke ƙahwar nan, ni ce ko?"

Shekara da shekaru tsohuwar nan tana ɗauke da wannan tambaya ita kaɗai, tana murtsuka kanwa a tukunyar da ta san zubarwa ake yi. Tausayi ya kama Nagode. Ƙarya ba ta da amfani yanzu, gaskiyar kuma ba ta iya furta ta.

"Ƙahwar tana nan, Gwaggo," ta ce. "Da ita ya tahi gona yau."

Gwaggo ta saki hannun a hankali. Bayan azahar ta cika.

Maƙabartar sabon garin tana can ƙarshen tudu, hanyar duk tsakuwa da hawa. Da aka gama sallah aka ɗaga makara, Barau ya sa kafaɗa a gaba ta dama. Al'ada ce a riƙa karɓar juna a hanya, kowa ya sami lada. Wani ya matso zai karɓe shi, ya girgiza kai. Wani ya sake matsowa, ya ce a bar shi. Mata ba sa bin gawa, don haka Nagode ta tsaya a bayan zana, ta sa ido a kafar nan da ta taɓa leƙen Gwaggo. Daga nan ba ta hango fuskoki, sai ƙafafu cikin ƙura. Ta gane tasa da tabon da ɗingishin, tana hawa tudun a ƙarƙashin makarar, kuma ba ta tsaya ba har suka sha kwana.